Tsohuwar Land Rover A Hanyoyin Gwaram: Daga Ƙasa Ake Fara Gyara

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi ƙasar Gwaram a tsakiyar damina ya san hanya iri biyu ce a can. Akwai ta kwalta, wadda ta taso daga Kano, ta bi ta Wudil da Birnin Kudu, ta ratsa ƙasar Gwaram ta nufi Jihar Bauchi. Akwai kuma ɗimbin hanyoyin da suka rabu da ita hagu da dama, waɗansu na burji, waɗansu kuwa sawun amalanke ne kawai da ya faɗaɗa. Ta waɗannan hanyoyi na biyu ne mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Fagam da Farin Dutse da Kila da Basirka suke fito da gero da dawa da gyaɗa da riɗi zuwa kasuwar Sara. Ta nan ne kuma ake fito da mai naƙuda, ko wanda maciji ya sara, zuwa asibiti.

Ko hanyar kwaltar ma ba ta tsira daga ɓarnar ruwa ba. A watan Agusta na 2021 mutum 21 suka rasu kusa da ƙauyen Radabi, tsakanin Gwaram da Basirka, lokacin da motocinsu suka afka inda ruwa ya cinye gada. To, idan haka ruwa yake yi wa kwalta da siminti, mai karatu yana iya ƙiyasta abin da yake yi wa burji da turɓaya.

Irin waɗannan hanyoyi sai mota mai ja da ƙafa huɗu. Sabuwarta kuwa a yau ta fi ƙarfin manomi da malamin makaranta, har ma ta fi ƙarfin ƙananan ma'aikatu da yawa. Saboda haka tsofaffin da suka rage, watau Land Rover da Land Cruiser da Hilux na shekarun baya, dukiya ce wadda idan ta mutu da wuya a maye gurbinta. Abin da ke raba wadda ta rayu da wadda ta zama ɗakin kaji shi ne tsarin da aka bi wajen gyara. Mai motar da ya fara da shasi da mai da birki, ya bar injin da ado daga baya, yakan daɗe yana morar motarsa. Wanda ya juya tsarin kuwa, asarar kuɗi ce ta farko, wani lokaci har da ta rai.

Asalin Landiroba

Kamfanin Rover na Ingila ya fito da Land Rover ta farko a watan Afrilu na 1948, a wurin baje kolin motoci na birnin Amstadam. Injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, ya yi nufin ta zama motar manomi ne, ta yi aikin gona ta kuma kai kaya kasuwa. Da yake ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi bodinta da alminiyam, aka bar ƙarfe ga shasi da bangon da ke tsakanin injin da direba. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku kuma, wanda ya fi yawa a ƙasar nan, an yi ta ƙera shi daga 1971 zuwa 1985. Samfuri na biyu da na uku kowanne yana da gajera, mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, da doguwa mai inci 109. A 1983 aka fito da sabon fasali mai sifirin irin na naɗi, wanda aka raɗa wa suna Defender a 1990, aka kuma daina ƙera shi a masana'antar Solihull a watan Janairu na 2016.

A zamanin da Gwaram da Birnin Kudu suke ƙarƙashin En'en Kano, da kuma bayan an kafa Jihar Kano a 1967, wannan mota da jama'a ke kira Landiroba ita ce motar rangadi. Da ita Di'o yake zagaya gundumomi, da ita malamin gona da malamin dabbobi da 'yan sanda suke shiga inda babu hanya. A ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta aka riƙa yi a masana'antar Leyland da ke Ibadan.

Faɗuwarta ta zo ne tare da faɗuwar Naira. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, kayan gyara daga Ingila suka yi tsada ƙwarai, motocin Japan kuma suka karɓe kasuwa. Motocin ma'aikatu da yawa aka ɗora su a kan duwatsu saboda ƙaramin abu, daga baya aka yi gwanjonsu. Daga irin waɗannan ne 'yan ƙalilan da ake gani yau suka fito, kuma mafi ƙanƙantar shekaru a cikin samfuri na uku ta kai shekara 40.

Sanda uku a gaban direba

Kafin a zo maganar sifana, sai a fara da direba, domin rashin sanin motar yana kashe ta kamar yadda rashin mai yake yi. A gaban direban samfuri na uku akwai sanda uku. Mai baƙin kai ita ce giyar da kowa ya sani. Mai rawayan kai, idan aka danna ta ƙasa, tayoyin gaba sai su shiga ja tare da na baya. Mai jan kai kuwa ita ce ta ƙaramar giya, wadda direbobi ke kira ogzilari. Idan aka tsaya aka jawo ta baya, gudun motar yakan ragu, ƙarfin janta ya ninku kamar sau biyu, ƙafa huɗu kuma su kama da kansu. Wanda ya danna rawaya yana son ya sake ta, sai ya tsaya cik, ya jawo ja baya, sa'an nan ya mayar da ita gaba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fito daga taɓo a hau kwalta ba a saki ƙafa huɗu ba. A wannan samfuri babu abin da ke raba gudu tsakanin aksul na gaba da na baya. A kan yashi ko taɓo taya takan ɗan zame, bambancin ya wuce. A kan kwalta kuwa babu zamiya, saboda haka ƙarafan ciki sai su yi ta murɗa juna, har sitiyari ya yi nauyi, taya ta cinye, daga ƙarshe shaf ya tsinke. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser ma haka suke. Kuskure na biyu shi ne a bari sai mota ta kafe sa'an nan a nemi ogzilari. Tun kafin a shiga wurin ake sa ta, a zaɓi giya ta biyu ko ta uku, a bi a hankali ba tare da taka kuloci ba.

Shasi shi ne ƙashin baya

Bodin alminiyam ba ya tsatsa, kuma wannan shi ne yake yaudarar masu saye. Ana iya ganin mota ta sha fenti tana ƙyalli, alhali ƙarƙashinta ya ruɓe. Shasin Land Rover kamar dogon akwati yake na ƙarfe, cikinsa rami. Taɓon fadama yakan shiga ta kafofi ya zauna a ciki, ya riƙe laima har bayan damina, ya ci ƙarfen daga ciki zuwa waje. Wuraren da suka fi ruɓewa su ne gindin shasi na can baya, da hannuwan da suka fito gefe suna ɗauke da bodi, da inda sifirin ya rataya, da kuma wurin ajiye ƙafa na direba da na fasinja.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A wanke ƙarƙashin motar sarai, a ɗauki ƙaramar guduma a bi shasi ana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi dum, wani lokaci guduma ta faɗa ciki. Inda ya ruɓe, sai mai walda ya yanke har ya tarar da ƙarfe mai kyau, ya sa sabo mai kauri ɗaya da na asali. Liƙa faci a kan tsatsa gyaran gangar Auzinawa ne, domin tsatsar tana nan tana ci a ƙarƙashi. Kafin a kunna wutar walda kuma a tuna cewa tankin man gajeruwar yana ƙarƙashin kujerar gaba, a kuma cire kan batir.

Akwai wurin da ba a yarda da walda ko kaɗan ba, watau sandunan sitiyari. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu na 1972, motocin da suka zo da sitiyari irin na Ingila akan juya musu shi. Idan an yi juyin da kayan da aka ƙera don haka, babu laifi. Idan kuwa an yanka sanda aka haɗa da walda, gargadar burji za ta karya ta wata rana, kuma a ranar direba ba shi da ta cewa.

Wuri takwas na mai

Direban ƙaramar mota ya saba da duba baƙin mai da ruwan lagireto kawai. Land Rover kuwa tana da wuri takwas da ke shan mai: injin, da giyabos, da ƙaramin giyabos na ogzilari, da tulun aksul na gaba, da na baya, da ƙwallayen ƙarfe biyu masu sheƙi da ke bayan tayoyin gaba, da akwatin sitiyari. Injin yana son mai kauri mai lamba 20W-50. Sauran bakwai ɗin man giya ne mai lamba 90. Kowanne yana da noti, idan aka kwance aka sa yatsa ba a taɓo mai ba, to yana bukatar ƙari. Kowa ya san tsohuwar Land Rover da yoyo, saboda haka duba waɗannan wurare aikin kowane mako ne ga motar da ke shiga daji. Giyabos ɗin da ya bushe yakan yi kuka na 'yan kwanaki, daga nan sai ya ƙone boris da haƙora, kuɗin gyaransa kuwa ya isa sayen man shekaru.

Babban abokin gāba a nan shi ne ruwa. Aksul ɗin da ya yi tafiya yana da zafi. Idan ya faɗa cikin rafi mai sanyi, iskar da ke ciki takan tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta 'yar kafar numfashi da ke samansa, ko kuma ta bakin robar tare mai idan kafar ta toshe. Alamar ita ce mai ya koma fari kamar kindirmo. Irin wannan mai ba ya kare ƙarfe, dole a zubar a sake. Maganinsa mai araha ne: a sa siririn tiyo a bakin kafar, a ja shi sama har cikin ɗakin injin. Wannan yana cikin gyare-gyaren da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba amma amfaninsu ya fi na fitilu goma.

Sai giris. Kowace gaɓa ta furofela, gaba da baya, tana da 'yar kafar da ake ɗura shi. Bayan kowane ƙetare ruwa a ɗura har sai tsohon ya fito.

Ƙura da zafi

Idan damina ta wuce, ƙurar hunturu da zafin bazara su ne ke karɓar aikin ɓarna. Injin yawancin samfuri na uku mai silinda huɗu ne, girmansa lita 2.25, kuma yana tace iska ta cikin wata tukunya mai ɗauke da mai a gindinta. Ƙura takan maƙale a man ta kwanta. A lokacin hunturu, motar da ke bin burji kullum tana bukatar a sauke tukunyar nan a kai a kai, a kwashe laka, a wanke, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Ƙurar da ta tsallake ta shiga injin tana cin ringi da silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Baƙin mai kuma, a irin wannan aiki, kada ya wuce kilomita 5,000 ba a sake shi tare da filtarsa ba.

Injin fetur ɗin ba shi da wahalar saiti. Tazarar tafet inci 0.010 ce, ta shiga da ta fita duka. Tazarar kwantak kimanin inci 0.015. Jerin wutar fulogi kuwa 1, 3, 4, 2. Ɗalibin makarantar koyon sana'a da ya riƙe waɗannan lambobi, ya kuma mallaki ma'aunin tazara, ya riga ya fi wanda ke saiti da kunne.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, lagireton da ƙaiƙayi da ciyawa suka toshe fuskarsa ba zai iya aikinsa ba. A hure shi daga baya zuwa gaba, a duba fanbel da tiyo da murfi. Ruwan rijiya mai kanwa yakan bar farin dutse a cikin bututu, gara a tara ruwan sama a ajiye. Al'adar cire tamostat a yar, wadda ta bazu a garejoji, ɓoye ciwo ce kawai. Idan injin yana zafi, to akwai dalili, kuma a lagireto ko famfon ruwa ko saitin wuta za a same shi.

Birki da sifirin da taya

Birkin tsohuwar Land Rover na ganga ne a ƙafa huɗu, inci 10 a yawancin gajeru, inci 11 a dogaye, kuma ba ya saita kansa. Yashi da taɓo sukan shiga gangar su cinye takalmin birki cikin ɗan lokaci. Da yawa daga cikin na farkon samfurin layin man birki ɗaya gare su, watau idan bututu ɗaya ya fashe, birkin ƙafa huɗu ya tafi gaba ɗaya. A ƙasa mai duwatsu da gangara irin ta Fagam, wannan ba abin wasa ba ne. Duk bututun ƙarfe da ya yi tsatsa, da na roba da ya tsattsage, a sake shi ba tare da ciniki ba. Birkin hannu kuwa a bayan ƙaramin giyabos yake, yana kama furofela, don haka ba a jan sa mota tana gudu.

Sifirin na ganye ne. Gargada takan kwance notocin da suka ɗaure shi da aksul, idan kuwa suka yi sako-sako sai ƙusar tsakiya ta karye, aksul ya goce. Ɗaure su aikin minti goma ne. An ƙera doguwar ne don ɗaukar kaya kamar kashi uku cikin huɗu na tan, watau buhu bakwai ko takwas masu kilo 100. Wanda ya loda mata buhu goma sha biyar ranar kasuwa, ya ƙara da fasinja a sama, ya san abin da ya karya masa sifirin. Ƙara ganye a kan ganye don ta ɗauki fiye da ƙima yakan mayar da dukan hanya kan shasi, sai shi kuma ya tsage.

Tayar doguwar mai lamba 7.50 ce a kan rim mai inci 16. Wajibi ne tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, domin bambancin girma yana jawo irin murɗawar nan da aka ambata. A cikin rairayi, rage iska kamar kashi ɗaya cikin uku yakan sa taya ta shimfiɗu ta hau bisa yashi, amma da an fito a mayar da iskar, shi ya sa famfo yake cikin kayan tafiya tare da shebur da katakon ɗora jak da igiya mai ƙarfi.

Ƙetare rafi

Rafukan ƙasar Gwaram sukan kwana a bushe su wayi gari a cike, saboda ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa. Ka'idar tsofaffin direbobi ita ce yaron mota ya fara shiga da sanda. Idan ruwan ya wuce gwiwarsa, ko yana neman kayar da shi, to mota ma ta haƙura. Zurfin da ya dace da motar da ba a yi wa wani shiri ba bai wuce rabin mita ba, kuma ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da yawancin motoci, har da masu ja da ƙafa huɗu.

Idan za a shiga, akwai wani noti da ake toshe kafar da ke ƙarƙashin gidan kuloci da shi, a cire bayan an fito. A shiga da ogzilari, a tafi da gudu ɗaya, kada a canza giya a tsakiya. Injin fetur yakan mutu idan ruwa ya taɓa wayoyin wuta, amma idan an shanya yakan tashi. Injin gas kuwa idan ya shaƙi ruwa, sandunan fistin ne ke lanƙwashewa nan take. Bayan an haye, birki ya jiƙe ba ya kamawa, sai a yi 'yar tafiya ana taka shi a hankali har ya bushe.

Ƙarin da ke biyan kuɗin sabulu

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a 2024. Injin fetur na Land Rover kuwa da ƙyar yake yin kilomita 6 ko 7 a lita. Wannan ya sa hankalin masu tsofaffin motoci ya koma kan sake injin. Wanda ya fi dacewa da ita shi ne na gas mai suna 200Tdi, wanda kamfanin ya fito da shi a 1989, ko ƙanensa 300Tdi na 1994. Waɗannan sukan yi kusan kilomita 10 a lita.

Amma akwai lissafin da ya kamata a yi tun kafin a sauke tsohon injin. Na asalin ƙarfin doki kimanin 70 gare shi, Tdi kuwa ya haura 100. Giyabos da shaf da birki duk an auna su ne da na farkon. Shaf na baya a gajeruwar sananne ne wajen tsinkewa ko da injin asali, idan taya ta yi ta juyawa a taɓo sa'an nan ta kama dutse farat ɗaya. Dogayen samfuri na uku sun fi sa'a, domin aksul ɗinsu na baya, mai suna Salisbury, ya fi ƙarfi nesa. Bugu da ƙari, injin fetur ɗin da sarƙa yake juya kamshaf, Tdi kuwa da bel, wanda idan ya tsinke yakan yi ɓarna a cikin injin, saboda haka sai an riƙa sake shi a kan lokaci. Wanda kuma ya sake haƙoran tulun aksul don ya sami gudu a kwalta, daga 4.7 na asali zuwa 3.54, dole ya sake gaba da baya tare.

Tsarin da ya dace ke nan. Na farko shasi da sitiyari. Na biyu birki, a mayar da shi mai layi biyu, a sa masa tukunyar iska mai taimaka wa ƙafa. Na uku tiyon numfashin aksul, da lagireto mai kyau, da sabbin wayoyin lantarki da fis, domin tsofaffin wayoyi da ɓera ya ci su ne ke jawo gobara. Na huɗu a maye kwantak da na'urar wuta ta zamani, a ajiye tsohon a akwati don ranar tsiya. Sai bayan duk wannan ake maganar injin.

Akwai kuma ƙarin da ke rage wa mota lafiya. Manyan tayoyi masu faɗi suna wahalar da sitiyari da boris da shaf, suna kuma rage ƙarfin birki. Ɗaga mota sama da ƙima, da loda kaya a kariyar rufi, suna sa ta saurin kifewa a hanyar da ta karkata. Ƙaton ƙarfen gaba da jerin fitilu nauyi ne a kan sifirin, kuma aiki ne a kan batir.

Kayan gyara da motar hukuma

Wani abin da ya taimaki wannan mota shi ne har yanzu ana ƙera kusan kowane ɓangare nata a ƙasashen waje, saboda masu sha'awarta suna da yawa a duniya. A nan gida kuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce matattarar tsofaffin kaya, ga kuma Panteka a Kaduna. Sai dai jabu ya yi yawa. Tsohon ƙarfe na asali, irin su shaf da haƙoran giya, sau da yawa ya fi sabon jabu. Kayan roba kuwa, watau na birki da na tare mai da tiyo, ba a sayen tsohonsu. Mai hankali yakan tafi kasuwa da abin da ya lalace a hannunsa, da lambar shasi a rubuce.

Darasin da ke cikin wannan duka ya shafi ma'aikatan hukuma fiye da kowa. Tun daga zamanin hukumar raya karkara ta KNARDA, wadda aka kafa a 1982 da taimakon Bankin Duniya, zuwa bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, an sayi motocin shiga daji masu yawa don aikin gona da rigakafi da duba makarantu. Motar hukuma ba kasafai tsufa ke kashe ta ba. Ƙaramin abu yakan lalace, takardar neman kuɗin gyara ta yi wata uku tana yawo daga tebur zuwa tebur, kafin a sa hannu an cire batir an sa wa wata, an ari taya, an ɗauke kafireta. Littafin mota, wanda ake rubuta tafiya da mai da ranar gyara, da ɗan kuɗin gyara a hannun shugaban sashe, da direba ɗaya da aka damƙa wa motar aka san shi da ita, su ne abubuwa uku da suka fi kowane sabon injin tsawaita ran mota. Hilux ɗin da ke tsaye a harabar sakatariya yau, irin kulawar da Landiroba ta nema jiya ita take nema.

Ga ɗalibai kuma, musamman na makarantun fasaha, tsohuwar Land Rover makaranta ce mai ƙafa huɗu. Kusan komai nata da noti aka ɗaure, babu kwamfuta a ciki, ana ganin yadda ƙarfi ke tashi daga fistin har ya isa taya. Motar da ke ruɓewa a bayan ofis, da za a miƙa ta ga irin waɗannan makarantu, da ta koyar da yara da yawa kafin ta koma hanya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Maris da Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka, shi ne lokacin guduma da walda da sake bututun birki. Watan Oktoba kuwa, da ruwa ya ɗauke, lokacin wanke taɓo ne daga cikin shasi da zubar da man da ya sha ruwa, kafin a fara jigilar amfanin gona. Ya kamata masu motoci da shugabannin sassan ayyuka na ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su sa waɗannan watanni a cikin lissafinsu na shekara, domin a daren Agusta da za a buga ƙofa a ce ga mai naƙuda a ƙauyen da ke hayin rafi, babu sauran lokacin neman bakanike.